Baitin da Aka Yanka daga Waƙar Gwaggo

Rikoda ɗaya ce a gidanmu na Hadejia lokacin da nake ƙarama, kuma ta Baffa ce, mahaifinmu. In ya dawo daga kara, kasuwar shanu, da yamma sai ya ɗora ta kan turmin da aka kifa a tsakar gida, ya saka kaset, ya miƙe ƙafa a tabarma. Abin da ya saka shi kowa zai ji, ko kana so ko ba ka so. Inna tana tankaɗe tana amsa wa mawaƙin kamar a gabanta yake zaune. In batir ya yi sanyi muryar ta fara jan jiki kamar ta mai zazzaɓi, sai a ce mu shanya batiran a kan kwano su sha rana. In kaset ya zubo da zare, a nemo biro a naɗe.

Ba zan yi ƙarya in ce ina jin daɗin abin ba. Ni tun asali ba ni da haƙuri. Waƙar da nake so tana can tsakiyar kaset, kuma Baffa ya hana a tura gaba, wai cin batir ne. Dole in zauna in ji duk na gabanta, in bi mawaƙi yana yabon wani manomi da gonarsa da shanunsa na huɗa har ya gaji. Da haka na haddace waƙoƙin da ko kaɗan ba sa burge ni, tun daga farko har ƙarshe. Har yau in aka ɗauko min baiti ɗaya na san abin da ya zo kafinsa da abin da zai biyo baya.

Muna sakandare memori ya shigo. Ka kai shagon caji na bakin kasuwa ka ce a cika maka, a loda maka waƙoƙi kamar ana ɗura gero a buhu, ba ka san mai su ba, ba ka san sunansu ba. Waƙa ta fara, kafin mawaƙi ya gama gyaran murya an danna ta gaba. Sai kuma iyafis. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa na kaɗa kai da nasa kiɗan, kamar ɗakin masu taɓin hankali. Inna ta yi ta kiran mutum har sai ta jefe shi da silifas. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne na yanzu, inda ba a ma jin waƙa sai a gutsuro ta, ɗan guntun da bai kai a sha kofin ruwa ba, a ɗora a bidiyo a yi ta maimaitawa har kunne ya yi tsami. Ka tambayi yarinya mene ne farkon waƙar, ta kalle ka kamar ka tambaye ta sunan kakan kakanta.

Da a kan waƙar wasu abin ya tsaya da ban ɗauki biro ba. A kan tamu ya sauka.

Gwaggo yayar Baffa ce, tana zaune a wani ƙauye ta wajen Miga, bakin fadama. Ba zabiya ba ce, ba ta bin biki. Waƙa ɗaya take yi a duniya, ita ce waƙar danginmu, kuma sai ranar suna. Mu asalinmu makiyaya ne kafin a shigo gari. Da la'asar, in mata sun taru a cikin gida, sai a cika baho da ruwa a kifa ƙwarya a kai, Gwaggo ta zauna ta harɗe da 'yan sandunanta biyu. Takan faro daga kakan da ya fara shigo da garke fadamar nan, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi rani a Kaugama, wanda ya sayar da shanu ya koma noman shinkafa. Duk gidan da ta ambata, matan gidan su ɗauki amshi su yi tafi. A can ƙarshe take saka sunan jariri sabo, duk mata su amsa, a rangaɗa guɗa. A wurinmu raɗin suna na maza ne da liman. Mu mata, sai sunanka ya shiga waƙar aka amsa muke cewa ka shigo dangi. Nawa yana ciki, na Yaya yana ciki.

Akwai baiti guda a tsakiya da ba a yi wa tafi. Na Kaka ne, mahaifinsu Baffa. Wata shekara ruwa ya ciko da wuri, shanu suna tsallaken kogi, ya shiga gaban garke zai haye da su. Shanun sun fito, shi bai fito ba. Gwaggo tana 'yar budurwa a tsaye a bakin gaɓa tana kallo, Baffa kuwa yana ɗan ƙarami, ƙaninsa na goye a bayan uwarsu. In ta iso wurin sai ta sassauta ƙwaryar, ta ce:

Ruwa ya ciko, ruwa ya ciko,
Na gaban garke bai waiwayo ba.

Mata su sunkuyar da kai su amsa a hankali, Allah ya jiƙan na gaba. Sai ta ɗan yi shiru, sannan ta ci gaba. Yaran da ke wasa ma sun san in an zo nan a daina motsi.

'Yar ƙanin Baffa ce ta jawo mana. Sa'ata ce, tare muka yi makaranta, wayarta ba ta barin hannunta ko alwala za ta yi. A wani suna da aka yi ta ɗauki Gwaggo a bidiyo, ta kai wa wani abokin karatunta mai haɗa kiɗa a kwamfuta. Shi kuma ya duba duk tsawon waƙar nan bai ga abin da ya yi masa ba sai wannan baitin. Ya yanke shi, ya yar da amshin, ya zuba masa gangar inji, ya ƙara wa muryar gudu har Gwaggo ta koma kamar ɓera a cikin gwangwani.

A keke mai ƙafa uku na fara ji, ina hanyar kasuwa. Mai keken ya ƙure sauti yana dukan sitiyari. Sai da ya maimaita na gane kalmomin. Bayan nan ba inda ban ji shi ba. Masu soya kifi a bakin gada, samari masu yankan shinkafa da waya a aljihu, 'yan mata masu talla. Har rawa aka ƙirƙira masa, a durƙusa a riƙa wurga hannu kamar ana iyo.

Na sami 'yar ƙanin Baffa a gidansu tana kwance tana danna waya.

Na ce, "Ke, kin san baitin wa kika ba da aka yanka?"

Ta ce, "Na Gwaggo mana. Ai gata na yi mata. Yanzu har Legas an san ta."

"Wa ya san ta? Muryar ɓera suka sani. Kakanki ne ruwa ya ci a wurin, ke ma da bakinki kike amsa Allah ya jiƙansa."

"To ni na ce a yi rawa? Ke dai komai sai kin mai da shi faɗa. Shi ya sa samari ke gudunki."

"Su guda. Ki goge shi."

Ta yi dariya ta ce, "In goge a ina? Ki bi wayar mutanen Jigawa kina gogewa."

A nan kam ta faɗi gaskiya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Kaset in ya ɓata maka rai ka jefa shi a murhu. Wannan ba shi da jikin da za ka kama.

Baffa ya ji shi a kara, a wayar wani dillali. Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Abin da ya ce kawai, kada wanda ya gaya wa Gwaggo. Ita wayarta 'yar ƙarama ce, ta amsa kira da haska tocila, ƙauyensu kuma sabis sai an hau tudu. Muka yi shiru muna fatan abin ya mutu kamar yadda irinsu ke mutuwa.

Bai mutu ba har Yaya ta haihu. Yaya ta daɗe a ɗakin miji ba haihuwa, ta sha magani ta sha magana. Da cikin ya tsufa aka dawo da ita gida, ta sauka lafiya, mace. Tun tana ruwan zafi take cewa ita ba ta damu da atamfa ko ragon suna ba, a dai ɗauko mata Gwaggo. Ta ce shekara da shekaru tana amsa wa 'ya'yan wasu, tana komawa gida tana kuka, yanzu ita ma tana so ta ji an kira tata. Gwaggo gwiwa ta sa ta gaba, ta daina tafiye-tafiye, amma da aka gaya mata ta ce ko a baro ne a turo ta.

Mijin Yaya kuma, don ya nuna farin ciki, ya aiko da dije, mai saka kiɗa a biki. Tun hantsi aka girke sifiku a ƙofar gida, kowace ta kai tsayin mutum, janareta na hayaƙi a gefe. Jaririyar tana firgita a cikin barci. Da aka yi la'asar na yafa mayafi na fita na same shi.

Na ce, "Malam, kashe. Za a yi waƙar gida."

Ya zare abin kunnensa ya ce, "Hajiya, a kawo makirfo in haɗa mata, in sa mata ɗan kiɗa a ƙasa."

"Ba ta so. Kashe kawai."

"Biki ba sauti ai zaman makoki ne."

"To yi makokin na ɗan lokaci, ba za ka mutu ba."

Ya kashe yana gunaguni, amma bai kashe janaretan ba.

Gida ya cika da mata, namu da dangin mijin Yaya da maƙwabta. Aka kawo baho, aka kifa ƙwarya. Yaya ta fito da jaririya a hannu ta zauna kusa da Gwaggo, ta sha lalle, fuskarta sai ƙyalli. Gwaggo ta yi bisimilla ta buga. Kafin ta buɗe baki wayoyi sun tashi sama kamar an ce a miƙa hannu a karɓi rabo. Hannun da ke riƙe da waya ba ya tafi, bakin da ke tsoron ɓata bidiyo ba ya amshi. Gwaggo ta kira gidan farko, muryoyin da suka amsa ba su wuce ta Inna da wasu tsofaffi biyu da tawa ba. Ta kira na biyu, 'ya'yan gidan suna tsaye a gabanta, suna kallonta ta cikin gilashin waya. Wata ma cewa ta yi, "Gwaggo ɗan juyo nan, hasken bai yi ba." Gwaggo ta ɗaga ido ta dube ta, ta ci gaba. Ina jin yadda take jan kowane baiti tana jira a ɗauka, ba a ɗauka, ta ɗauka da kanta.

Ni hankalina yana kan tsakiyar waƙar. Na duba Inna, Inna ta duba ƙasa.

Ta sassauta ƙwaryar. Ta ce ruwa ya ciko.

Wata daga dangin mijin ta ƙwalla ƙara, "La! Ita ce! Wallahi ita ce mai waƙar nan!" Sai gida ya ɗauka. 'Yan mata suka zabura tsakiyar fili suka durƙusa suna wurga hannu, suna rera baitin da gudu a kan muryarta, har da namu, jikokin Kaka. Dije ya jiyo daga waje, ya zaci shi ake kira, ya saki nasa a sifika. Bangon gida ya amsa. Ruwa ya ciko, ruwa ya ciko, da muryar ɓera da gangar inji, ya ƙare ya sake farawa, ya ƙare ya sake farawa.

Sandunan Gwaggo suka tsaya a sama. Ta karkata kai tana saurare. Ta juyo ta tambayi Inna, "Wace ce wannan take kiran ubana?"

Kafin Inna ta yi magana wata yarinya ta durƙusa da waya a fuskarta ta ce, "Ke ce, Gwaggo! Kin yi suna! A yi mana hoto."

Gwaggo ta ajiye sandunan, ta ciro ƙwaryar daga ruwa, ta goge ta da gefen zaninta ciki da waje. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta shige ɗakin Inna ta saki labule. Ba a kai ko rabin dangi ba, balle sunan jaririya.

Na fita na murɗe janaretan da hannuna. Na dawo na tsaya a tsakiyarsu na gaya musu wanda suke yi wa rawar iyo, da yadda ya mutu, da wadda ta tsaya a bakin gaɓa tana kallo. Ban tausasa ba, na haɗa da zagi. Wasu suka sauke hannu suka yi tsuru-tsuru. Wata dattijuwa daga dangin mijin ta riƙe baki tana salati, ta ce wallahi ba su sani ba, kuma na yarda ba su sani ba. Namu fa? 'Yar ƙanin Baffa ta ce, "Ni dai ban yi rawa ba," kamar wannan ne zancen. Ina cikin magana na lura wata tana ɗaukata, kafin magariba faɗan nawa ya shiga gurup ɗin dangi, an rubuta a ƙasa wai Hajiya masifa ta tashi.

Yaya tana ɗaki tana kuka, nono na zuba a rigarta. Ta shiga wurin Gwaggo ta durƙusa, Gwaggo ta ce mata ta je ta shayar da 'yarta. Washegari ko koko Gwaggo ba ta sha ba ta ce a kai ta gida.

Sai da Yaya ta yi arba'in muka bi Gwaggo ƙauye. Dama al'ada ce mai jego ta zaga dangi da jariri, amma mu duka mun san abin da ya kai mu. Ni da Yaya da Inna. Ruwa bai janye daga fadama ba, inda mota ta tsaya muka shiga kwalekwale. Muka tarar da ita a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa. Ta karɓi yarinyar ta jujjuya ta, ta ce, "Wannan kishiyar tawa ta fi uwarta hanci." Aka yi dariya. Aka kawo fura. Aka yi zancen gwiwa da zancen tsuntsayen da suka addabi shinkafa. Yaya tana ta murza gefen mayafi, ni kuma zaman ya ishe ni.

Na ce, "Gwaggo, sunan yarinyar nan muka zo a saka."

Ta ce, "Ke dai bakinki ba ya jiran manya. Ai kuna da ni a waya. Ku danna in saka muku."

Yaya ta fashe da kuka. Inna ta ce wa Gwaggo, "Ki dubi Allah. Wannan ba ta yi miki komai ba, jiya ta zo duniya."

Gwaggo ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta ce min, "Tashi ki ɗebo ruwa a bahon can. Ki leƙa ta katanga ki kira min matan gidan nan su zo su tayar da amshi, ku uku ba ku isa ba."

Suka zo su huɗu, hannunsu duk dusa, ba wadda ta zo da waya. Ba danginmu ba ne amma sun san waƙar, sun sha ji. A tsakar gidanta, kaji na yawo, ta faro daga farko. Wannan karon duk gidan da ta kira an ɗauka, tafi na tashi, muryarta ta buɗe kamar ba ita ce ranar nan ba. Na manta rabon da in ji waƙa tun daga kanta har wutsiya ban ƙosa ba.

Da ta iso wurin Kaka ta sassauta ƙwaryar kamar kullum, muka sunkuyar da kai. Ba ta rera baitin ba. Ta yi ta buga ƙwaryar a hankali tsawon baitin, bakinta a rufe. Muka rasa ko mu amsa. Inna ce ta ce Allah ya jiƙan na gaba, muka bi ta. Gwaggo ta wuce zuwa na gaba, ta bi su har kan Baffa, har kan Yaya, sannan ta ɗaga murya ta kira sunan yarinyar. Muka amsa, maƙwabciya ta rangaɗa guɗar da ta tayar da jaririyar. Yaya tana dariya hawaye na zuba.

Da za mu tafi na tsaya taya ta zubar da ruwan bahon. Na ce, "Gwaggo, kin tsallake baitin Kaka."

Ta ce, "Ban tsallake ba. Na daina fito da shi ne. Ubana ya sha ruwa sau ɗaya, ya isa."

Na ce to yaran da za a haifa nan gaba fa, a ina za su ji? Ta ce su tambayi masu waya, ta miƙo min ƙwaryar in rataye mata.

Muna cikin kwalekwale, mun yi nisa da gaɓa, Yaya ta gyara goyo ta matso kusa da ni. Fuskarta a sake, na daɗe ban gan ta haka ba.

Ta ce, "Tura min kafin mu isa."

Na ce, "In tura miki me?"

"Waƙar mana. Ba ki ɗauka ba?"

"Da wane hannun? Ba ki ga ina tafi ba?"

Ta zaro ido. "Don Allah da gaske kike? Na ga wayarki a cinya, na zaci kin kunna. To me zan nuna wa babanta? Ya ce in turo masa ya ɗora."

Na ce, "Ki rera masa."

"Ke kin san ban iya ba."

Inna ta juya tana kallon ruwa kamar ba ta cikin jirgin. Yaya ta waiwaya tana duban ƙauyen, tsamiyar Gwaggo ba ta ɓace ba tukuna. Can ta taɓa ni ta ce, "Ko mu koma ta maimaita? Ba duka ba. Ƙarshen kawai, wurin sunan."

Mai kwalekwalen ya ɗaga sandarsa daga ruwa yana jiran abin da za mu ce. Na ce masa, "Malam, tuƙa mu tafi."